Ƙara biyu a kan rigima ɗaya: a haɗe su ko a dakatar da ɗaya?

A ƙofar kowane ɗakin shari'a na Babbar Kotu akwai takardar da ake mannawa da safe, mai ɗauke da jerin ƙararrakin ranar. Wanda ya saba zuwa ya san yadda ake yi: ka ɗora yatsa a kan lambobi kana gangarawa har ka ci karo da sunanka. To akwai mutanen da in sun gama da wannan ƙofa sai su bi baranda zuwa ta gaba, don a can ma sunansu yana nan, tare da sunan mutumin nan dai da suke rigima da shi, a kan maganar nan dai. Ɗan kwangila ya yi ƙarar mai gini yana neman cikon kuɗinsa. Mai gini ya ji haushi, ya ɗauki nasa lauyan, ya shigar da tasa ƙarar yana cewa rufin yana yoyo, a biya shi diyya. Ranar Litinin ɗan kwangila ne mai ƙara, ranar Alhamis shi ake ƙara. Birkila ɗaya za a kira shaida sau biyu, rasit ɗaya ake nema a fayil biyu, lauya kuma kowane zama da kuɗin fitowarsa.

Wanda ya shiga wannan hali, ba a daɗewa lauyansa zai zaunar da shi ya ce, "Alhaji, hanya biyu ce. Ko mu roƙi kotu ta haɗe ƙararrakin a saurare su tare, ko mu roƙa a dakatar da ɗaya sai an gama ɗayar." Amsar yawancin mutane ɗaya ce: "Barista, wacce ta fi sauƙin kuɗi?" Tambayar ba ta da laifi, sai dai ta yi riga malam masallaci. Akwai waɗanda suka kamata su zo kafin ta.

Abubuwan da za a auna

Na farko, shin ƙofar a buɗe take ma? Haɗewa tana yiwuwa ne kawai idan ƙararrakin suna cikin kotu ɗaya. Alƙalin Babbar Kotun Jiha ba shi da ikon miƙa hannu ya ɗauko fayil daga Babbar Kotun Tarayya, ko daga Kotun Shari'ar Musulunci, ko daga kotun wata jiha. Wannan tambaya ita kaɗai tana raba gardama sau da yawa.

Na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma a ganina shi ne uwa uba: abin da ake rigima a kansa, a hannun wa yake yanzu? Gida ne wani yana ciki, shago ne wani yana karɓar haya, ko kuɗi ne wani yana juya su a kasuwa? Jira ba ya yi wa ɓangarorin biyu ciwo iri ɗaya.

Sai kuɗi, kuma ba kuɗin shigar da takardar roƙo nake nufi ba, wannan ƙarami ne. Ina nufin jimillar abin da zai fita daga aljihunka daga yau zuwa ranar hukunci: zaman lauya, motar shaidu da abincinsu, kwafin takardu masu hatimin kotu, da ranakun da ka rufe shagonka ka zo ka zauna a benci.

Sai ƙarko. Hukuncin da za a samu zai kashe rigimar duka, ko zai kashe rabi ya bar rabi? Zai tsaya idan an ɗaukaka ƙara? Daga ƙarshe sai haɗari, wato abin da zai iya lalacewa a hanya, da wanda zai kwana a ciki idan ya lalace.

Wata ƙarar kora take bukata

Kafin a yi nisa, a duba ko ƙara ta biyu tana da ƙafar tsayawa. Kotun Ƙoli ta daɗe da yin magana a kan wannan. A shari'ar Saraki da Kotoye ta 1992, ta bayyana cewa tara ƙararraki a kan mutum ɗaya, a kan abu ɗaya, da tambayoyi iri ɗaya, wasa ne da hankalin kotu. Abu ukun nan sai sun taru: mutanen su ne, abin shi ne, tambayar ita ce. Idan sun taru, kotu kan kori ta bayan ne, ba ta tsaya lallashinta da dakatarwa.

Saboda haka idan mutum ya kai ka kotu, ya ga alamar iska ba ta kaɗa masa ba, ya zagaya ya sake shigar da maganar a gaban wani alƙali da ɗan canjin kalmomi, lauyanka kora zai nema. Wanda ya nemi haɗewa a nan ya yi wa abokin shari'arsa alheri ne, ya wanke masa ƙarar da bai kamata ta rayu ba.

Misalin ɗan kwangila da mai gini daban ne. Kowa da abin da yake nema, kowa da hujjarsa, ko da yake ginin ɗaya ne. Da mai ginin ya samu shawara mai kyau tun farko, da ya shigar da tasa bukatar a matsayin ƙarar martani a cikin fayil ɗin farko, an huta. Ƙarar martani tana da ranta, ko mai ƙarar farko ya janye tasa ita tana ci gaba. Amma an riga an yi, ga fayil biyu.

Haɗewa

Dokokin tafiyar da shari'ar farar hula na manyan kotunan ƙasar nan sun ba alƙali ikon haɗe ƙararraki idan tambaya ɗaya ta doka ko ta abin da ya faru ta ratsa su, ko kuma daga ciniki ɗaya suka taso. Iko ne na ganin dacewa, ba haƙƙinka ba ne da za ka buga tebur a kansa. Lauya zai shigar da takardar roƙo da takardar rantsuwa, ya liƙa takardun ƙara ta biyu don alƙali ya gani da idonsa inda suka yi kama. An fi yin haka bayan kowane ɓangare ya gama shigar da bayanansa, domin sai a lokacin ake ganin ainihin inda aka saɓa.

Idan fayil biyun suna gaban alƙali ɗaya, abin ba wuya. Idan suna gaban alƙalai biyu na kotu ɗaya, akwai tsani a gaba: sai an rubuta wa Babban Jojin Jiha a roƙi ya mayar da ɗaya wurin ɗayan. Takardar nan tana iya yin makonni kafin a ji amsa, kuma ba kai za ka zaɓi wanda za a tara wa fayil ɗin ba. A nan ne haɗari na farko yake. Idan ƙarar da aka ɗauke ta riga ta yi nisa, an saurari shaidu uku ko huɗu, to a gaban sabon alƙali daga farko za a soma, don alƙali ba ya hukunci da shaidar da wani ya saurara. Wanda ya sha wahalar kawo tsohon mai unguwa daga ƙauye ya ba da shaida, ya san abin da ake nufi da a ce masa ya sake kawo shi.

Akwai abin da mutane suke fahimta a baibai. Haɗewa ba ta narkar da ƙara biyu su zama ɗaya. Kowace tana nan da lambarta, da mai ƙararta, da nauyin kawo hujja a kan wanda ya yi da'awa. Abin da aka haɗa shi ne sauraro. Tun shari'ar Nasr da kamfanin Complete Home Enterprises a 1977 Kotun Ƙoli ta nuna cewa manufar haɗewa ita ce rage kuɗi da lokaci, kuma kotunan sama sun yi ta nanata cewa a ƙarshe sai alƙali ya faɗi matsayarsa a kan kowace ƙara daban. Kana iya cin ɗaya ka faɗi ɗaya a rana guda. Ɗan kwangila yana iya samun cikon kuɗinsa, mai gini kuma ya samu kuɗin gyaran rufi, a cire wannan daga wancan.

Ta fuskar kuɗi, haɗewa tana da tsada a farkonta, tana da sauƙi a ƙarshenta. Za ka biya aikin takardar roƙo, wataƙila da takardar Babban Joji, kuma ɗaya ɓangaren yana iya yin jayayya a ɓata zama biyu ko uku. Bayan nan zama ɗaya ne maimakon biyu, shaida sau ɗaya yake hawa akwati, ainihin rasit fayil ɗaya yake shiga. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya taɓa bin sawun takardarsa ta asali da aka karɓa shaida a wata kotu, yana so a ba shi ita don ya kai wata, ya san yawan "dawo gobe" da ke cikin lamarin.

Shaida sau ɗaya yana da wani amfanin da ba na kuɗi ba. Mutumin kirki ma idan ya ba da labari sau biyu, wata takwas a tsakani, sai an samu inda ya ce Talata a nan ya ce Laraba a can. Lauyan ɗaya ɓangaren zai ɗauko kwafin maganarsa ta farko ya karanta masa a fuska, ya mayar da mai gaskiya kamar maƙaryaci.

Ƙarkon haɗewa shi ne babban abin da ake sayenta dominsa. Alƙali ɗaya ya ji komai, ba yadda za a yi a wayi gari da hukunci biyu masu karo da juna. Sai dai fa idan alƙalin ya cakuɗa, ya ɗauki shaidar da ta shafi wannan ƙara kaɗai ya ɗora wa waccan, ko ya yi hukunci ɗaya dunƙule bai rarrabe ba, ya buɗe wa wanda ya faɗi ƙofar ɗaukaka ƙara. Idan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a sake, duka biyun ne za su koma.

Haɗarin da ya fi damuna da haɗewa shi ne na zama da maɗaukin kanwa. Ka ce ƙararka mai sauƙi ce, bashi ne da takarda da sa hannu, shaida ɗaya ya ishe ka. Ɗayar kuwa tana da waɗanda ake ƙara bakwai, biyu ba a ma same su an ba su sammaci ba, ɗaya ya rasu ana jiran a maye gurbinsa da magada. Ranar da aka haɗe ku, tafiyarka ta koma irin tasu. Duk ranar da lauyan mutum na shida bai zo ba, kai ma an ɗage taka. Wanda ake bi bashi ya san da wannan sarai, shi ya sa wani lokaci shi ne yake fara neman a haɗe.

Dakatarwa

Ita kuma dakatarwa, ajiye fayil ɗaya ne a gefe har sai wani abu ya faru a ɗayan. Ƙarar ba ta mutu ba, tana nan a rajista, wa'adin shigar da ƙara bai ci ta ba, wanda ya bambanta ta da janyewa. Wanda aka ce masa ya janye ƙararsa "in ya so a dawo daga baya", ya sa lauyansa ya fara lissafa wa'adi kafin ya amsa.

Babban amfaninta shi ne tana aiki inda haɗewa ba ta isa. Ga misalin da ake yawan gani a garuruwanmu. Mutum ya rasu, magada sun je Kotun Shari'ar Musulunci a raba gado, cikin dukiyar har da wani gida a cikin birni. Sai wani ya fito da takarda ya ce marigayin ya sayar masa da gidan tun yana raye, ya garzaya Babbar Kotu. Sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ba Babbar Kotu ita kaɗai hurumin sauraron rikicin filin da ke da satifiket ɗin gwamna, rabon gadon Musulmi kuwa aikin kotun Musulunci ne. Ba mai iya tara waɗannan a tebur ɗaya. Abin da hankali zai ɗauka shi ne a jingine rabon wannan gida kaɗai har a san ko yana cikin abin da mamacin ya bari, a raba sauran dukiyar. Na ce gidan kaɗai da gangan. Sau da yawa sai a bari rikicin gida guda ya tsayar da rabon gona da shanu da kuɗin banki, marayu suna kallo.

Abin da ke faruwa idan kotuna biyu suka ci gaba ba wadda ta saurara wa wata, Kanawa sun gan shi a filin Allah. Bayan an sa hannu a dokar rushe masarautu ranar 23 ga Mayun 2024, cikin mako guda umarni ya fito daga Babbar Kotun Tarayya, wani ya fito daga Babbar Kotun Jiha, kowanne yana nuna wata alƙibla, har Alƙalin Alƙalai na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su yi bayani. A Janairun 2025 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce Babbar Kotun Tarayya ba ta da hurumi a maganar sarauta. Ba ɓangare nake ɗauka ba, abin lura nake nunawa: a tsakanin kotun tarayya da ta jiha babu igiyar da za ta ɗaure fayil biyu. Ko dai ɗaya ta tsaya, ko ta sauka. Dokar Babbar Kotun Tarayya, a sashe na 22, ta ba ta damar tura ƙara zuwa kotun jiha idan ta ga ba gonarta ba ce, kuma wani lokaci wannan ce hanyar da ke kai wa ga haɗewa daga baya.

Samun dakatarwa bai kai yadda ake zato sauƙi ba. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin lokacin da ya dace, don haka alƙali ba ya tsayar wa mutum da ƙararsa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Dole mai roƙo ya nuna cewa hukuncin waccan kotun zai yanke wannan maganar ko mafi yawanta, kuma ci gaba da wannan ɓata lokaci ne ko zai jawo karo. Wuri ɗaya da ƙofar take a wangale shi ne inda yarjejeniyar cinikin ta ce in an samu saɓani a je wurin masu sasanci. Dokar sasanci da shiga tsakani ta 2023 ta ce kotu ta tura su can, muddin an nema kafin a shiga amsa ainihin ƙarar. Wanda ya riga ya shigar da kariyarsa sannan ya tuna da wannan sharaɗi, ya makara.

Kuɗin dakatarwa a farko kaɗan ne. Takardar roƙo ɗaya, zama ɗaya ko biyu, shi ke nan fayil ya kwanta, lauya ya daina zuwa wannan ɗakin. Idan hukuncin farko ya kashe maganar, to ka ci riba sosai, domin shari'a guda sukutum ba a yi ta ba. Amma araha ba ta ado. A duba mai bin bashi: kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda aka dakatar wa da ƙarar kuɗin siminti da rodi a wancan tsakanin, ko ya ci shari'ar daga baya, abin da zai karɓa ba zai sayi rabin kayan ba. Shi kuwa wanda ake bi, kuɗin suna hannunsa suna haihuwa. Haka mai zaune a gidan da ake rigima a kai, kowane wata na dakatarwa wata ne na zama kyauta. Dakatarwa kullum tana yi wa mai riƙe da kaya daɗi, kuma duk wanda aka kawo wa shawararta ya fara tambayar kansa ko shi ne mai riƙe da kayan.

Sai kalmar "har a gama". Har a gama a ina? A Babbar Kotu, ko har Kotun Ƙoli? Idan umarnin bai fayyace ba, wanda ya faɗi a ƙara ta farko zai ɗaukaka, ya dawo ya ce ai ba a gama ba. Shari'ar Amadi da NNPC ta isa misali a kan yadda jiran kotunan sama yake: an shigar da ita a 1987, aka tsaya a kan jayayyar share fage game da takardar sanarwa kafin ƙara, sai a shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta warware wannan, ta mayar da ita ƙasa a fara sauraron ainihin maganar. Shekara 13 ba a taɓa zuciyar rikicin ba. A irin wannan tsawo shaidu suna mutuwa, wasu suna ƙaura, alƙali yana samun ƙarin girma ko ya yi ritaya, fayil ɗin kansa sai an sha ƙura a ɗakin ajiya kafin a gano shi. A shari'ar laifi majalisa ta gaji da wannan, sashe na 306 na dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015 ya hana dakatarwa a kotunan da dokar ta shafa. A farar hula har yanzu tana nan.

Ƙarkonta ya rataya a kan abu guda: hukuncin farko zai ɗaure waɗanda ke cikin ta biyu? Sashe na 173 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce hukunci hujja ce yankakkiya a tsakanin waɗanda suka yi shari'ar da waɗanda suka gaje su ko suka karɓa daga hannunsu, a kan abin da aka yi jayayya a kansa kai tsaye aka yanke. Idan a ƙara ta biyu akwai wanda ba ya cikin ta farko, hukuncin bai ɗaure shi ba. Idan ta farko ta mutu a kan hurumi ko wani kuskuren takarda ba a shiga cikinta ba, ba ta yanke komai ba. A duka halin biyu, an yi jiran gawon shanu.

Don haka wanda ya ga ba makawa sai an dakatar masa, kada ya karɓe ta tsirara. Lauyansa ya nemi a rubuta har zuwa wane mataki, a sa ranar da za a dawo a gaya wa kotu inda aka kwana, a hana sayar da abin ko canza masa kama, kuɗin haya kuma a riƙa zuba su a asusun kotu ko hannun wanda ɓangarorin suka yarda da shi. Da zarar haya ta daina shiga aljihun mai jan ƙafa, za ka ga saurin da ba ka san yana da shi ba.

Zakaran gwajin dafi

Akwai hanya ta tsakiya da ta dace da inda mutane da yawa suke ƙarar mutum ɗaya a kan abu iri ɗaya, kamar masu rumfuna talatin da aka ba takardar tashi iri ɗaya, ko ma'aikatan da aka sallama da wasiƙa ɗaya. A zaɓi ƙara guda a yi ta har ƙarshe, sauran a dakatar, kowa ya sa hannu a gaban kotu cewa abin da aka yanke a kan tambayar da ta haɗa su ya hau kansa. Sa hannun nan shi ne ran abin. In babu shi, wanda ya faɗi zai ce kowace rumfa da labarinta. A kuma kula da wadda za a zaɓa, kada a tura ƙarar wanda takardunsa suka fi na kowa rauni ta wakilci jama'a.

Wani lokaci ma ba a bukatar ko ɗaya. Ya isa a roƙi Babban Joji ya tara fayil ɗin a gaban alƙali ɗaya, a riƙa sa su rana ɗaya, a ji wannan a bi da wancan, kowace da tafiyarta.

Ga su a jere:

| Ma'auni | Haɗewa | Dakatarwa | Zakaran gwaji |
|---|---|---|---|
| Inda take yiwuwa | Kotu ɗaya kawai | Ko kotuna daban ne | An fi yi a kotu ɗaya, da yardar kowa |
| Kuɗin farko | Matsakaici | Kaɗan | Kaɗan, ana iya karo-karo |
| Kuɗi zuwa ƙarshe | Ƙasa da na shari'a biyu | Kaɗan in ta farko ta kashe magana, ninki in ba ta kashe ba | Mafi sauƙi ga kowane mutum |
| Lokaci | Tafiyar mafi nauyinsu | Ba a san ranar ƙarewa ba sai an rubuta | Tsawon ƙara ɗaya |
| Ƙarko | Babu hukunci masu karo | Sai in mutane da tambaya ɗaya ne | Sai in an sa hannu |
| Babban haɗari | Sake shari'a daga farko, jan ƙafar wasu | Mutuwar shaidu, faɗuwar darajar kuɗi | Zaɓen ƙara mai rauni |
| Wanda ta fi yi wa daɗi | Mai son a gama | Mai riƙe da kaya | Masu ƙaramin ƙarfi da yawa |

Haɗewa ko dakatarwa, ko wacce aka bayar ko aka hana, ƙwarya-ƙwaryar hukunci ne, wato ba shi ne na ƙarshe a ƙarar ba. Mai son ɗaukaka ƙara a kansa kwana 14 gare shi, kuma galibi sai ya nemi izinin kotu tukuna, tunda magana ce ta ganin dacewar alƙali. Kotunan sama ba su cika taɓa irin wannan ba sai in an kauce ƙwarai. Ni dai ban cika ba da shawarar a bi shi ba, ƙara ta uku ce kake haifa a kan rigimar da biyu ma sun yi mata yawa.

Wa ya kamata ya ɗauki wacce

Idan kai da mutum ɗaya ne, ciniki ɗaya, kotu ɗaya, kuma ba a fara jin shaidu a ko ɗaya ba, kamar ɗan kwangilarmu da mai gini, nemi haɗewa, kuma ka nema da wuri. Irin wannan ne aka yi ta dominsa.

Idan taka ta kusa hukunci, ɗayar kuwa jiya aka shigar da ita, ka ƙi haɗewa iya ƙarfinka. Ka nemi a dakatar da sabuwar, ko a kore ta in maimaici ce. Tsarin mulki ya ba alƙali kwana 90 ya yanke hukunci bayan jawabin ƙarshe na lauyoyi, wanda ya kai wannan gaɓa bai kamata ya yarda a mayar da shi bakin ƙofa ba.

Idan kotunan daban ne, gado a nan mallaka a can, ko tarayya a nan jiha a can, galibi dakatarwa ce kaɗai a gabanka. A tsayar da wadda ta dogara a kan amsar ɗayar, a tsayar da iya ɓangaren da abin ya shafa, da sharuɗɗan da aka ambata a sama.

Idan kai ne mai bin kuɗi, ko aka fitar da kai daga gida ko shago, duk wata dakatarwa da aka kawo maka ka dube ta da idon zargi. In ta zama dole, kuɗin ko hayar su bar hannun abokin shari'arka kafin fayil ya kwanta. Idan shaidunka tsofaffi ne ko marasa lafiya, lauyanka ya roƙi a ɗauki shaidarsu tukuna.

Idan ƙararka ƙarama ce mai tsabta, ɗayar kuwa taron jama'a ce, ka roƙi alƙali ɗaya da rana ɗaya ba tare da haɗewa ba. Idan ku da yawa ne a kan mutum ɗaya, ku zauna ku zaɓi zakaranku, ku haɗa kuɗin lauya ɗaya mai kyau.

Idan kuma abokin shari'ar ɗan'uwa ne, ko maƙwabcin rumfa da za ku ci gaba da haɗuwa a sahu ɗaya, akwai dakatarwar da ba ta da yawancin illolin nan: ta wata ɗaya ko biyu, da yardar ku duka, da ranar dawowa a rubuce, don a gwada sulhu. Babbar Kotun Kano tana da cibiyar sulhu tun 2009, wasu jihohin ma suna da irinta. Abin da aka cimma a can ana kawo shi gaban alƙali ya zama hukuncin kotu, kuma takarda ɗaya tana iya rufe fayil biyun, muddin lauyoyi sun rubuta lambar kowace ƙara a cikinta.